Wa Zai Riƙe wa Baffa Igiya?

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da abokan aikinki. Mu nan lau, sai tarin Baffa da ya ƙi sauka, in ya taso masa har sai ya dafa bango. Wasiƙa za ki riƙa samu ta hannun direban da ke ɗaukar mana kaya, don wayata ta faɗa tukunyar gam, ta mutu da magana a bakinta. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta.

Ga abin da na gani da safiyar Talata. Na buɗe shago ina share garin katako, Oga mai shagon bai iso ba tukuna. 'Yan mutum-mutumin wasanki da kika ba ni aikin sassaƙawa suna jere a kan benci suna shan iska. Sai ga Baffa ya shigo ɗaukar kujerar da yake zama a ƙofar shago. Ya tsaya yana kallonsu. Ya wuce Mahayin Iska da fikafikansa, ya wuce Mutumin Kogi, bai ko kula mai takobin nan ba. Can ƙarshen layi ya ɗauki ɗan guntun da ban gama ba, Mai Igiya. Ya jujjuya shi, ya tsinko zare daga bakin rigarsa, ya ɗaura masa a ƙugu. Yaya, ƙullin nan ne na masu haƙar rijiya, wanda in an ja sai ya ƙara kamawa. Cikin ƙiftawar ido ya gama.

Ya ce, "Wane marar imani ne zai tura shi rami ba ɗauri?" Sannan ya ce, "In za a yi wasan nan, ni wannan zan ɗauka."

Dama na yi masa bayani yadda kika yi mini: mutane su zauna a tebur, ɗaya ya ja labari, sauran kowa ya zaɓi mutum daga al'ummun ƙasar da kika ƙirƙira ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Ya gane sarai. Amma ni na san akwai matsala, don na karanta kwafin littafin da kika aiko, da yatsa a kan layi. Al'umma biyar suna gaba, kowacce da shafukanta, su ake zaɓa. Masu Igiya kuwa suna can baya, tsakanin namun daji da masu sayar da kaya, an rubuta a ƙarƙashinsu wai ba a zaɓarsu, mai jan labari kaɗai ke motsa su.

Na san inda kika samo su. Fitilar da suke saukarwa kafin su shiga, in ta mutu su fasa, ta Baffa ce. Kantar igiya a tafin hannu, tasa ce. Hutun nan ne da aka kawo ki gidanmu kina 'yar firamare, kika wuni kina leƙen rijiya, Inna na riƙe da ke ta bayan riga. Kakanki da kakana wa da ƙani ne, sana'arsu ɗaya, haƙar rijiya, ita Baffa ya gada.

Ina kyautata zaton kuskuren mai buga na'ura ne. A gyara, a mayar da su gaba. Na ce wa Baffa ya ɗan jira.

Ƙaninki na shagon katako.

*

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. A kai Baffa asibiti don Allah, tari ba abin zama a kai ba ne. Ka yi mini afuwa, wasiƙarka ta kwana biyu a ofis ƙarƙashin tarin takardu kafin ta zo hannuna, kuma yanzu ma a tsaye nake rubuta wannan.

Ba kuskure ba ne. Ni na sa su a can, da gangan. Biyar ɗin nan mun daɗe muna gwada su, mun auna ƙarfinsu yadda wata ba za ta danne wata ba, kowa kuma zai sami wadda ta dace da halinsa, mai son faɗa da mai son wayo. Masu Igiya ba na son a gan su a kan tebur a hannun mutane. Guda ɗaya ya isa ka sassaƙa, ƙarami, ba sai ka wahalar da kanka ba.

Kada ka nuna wa Baffa littafin. In yana son wasa, ba shi Mahayin Iska, su suka fi kowa farin jini, zai ji daɗi.

Masu buga littafi za su karɓa ƙarshen watan gobe, kuma sai an ɗauki hoton sassaƙarka kafin nan. Ka turo sauran da wuri. Kowa a nan yana jiran ganin aikin hannunka, na cika musu baki da kai.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa. Muna lafiya. An kai Baffa, an ba shi magani, an ce ƙurar shekaru ce ta zauna masa a ƙirji. Yana sha in Inna ta tsaya a kansa.

Na karanta wasiƙarki na sake karantawa, na ajiye, na kwana, don ban so in amsa da zafi. Kin san ni, a gida ana cewa in dutse ake dafawa a ba ni murhun. To na dafa, ga romon.

Kin ce ba kya son a gan su a kan tebur. Kin ce kada Baffa ya ga littafin. Kin ce a yi ƙarami. Ni karatuna kaɗan ne amma na iya haɗa magana uku in ga inda ta dosa. Kunyarsu kike ji. Kin ɗebo fitilarsu da ƙullinsu kin ƙawata littafinki, sannan kin tura masu abin bayan gida kusa da kuraye, kada baƙi su zo su tambaya su wane ne waɗannan. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Babanki ya bar igiya ya kama biro, ba wanda ya zage shi, kowa murna ya yi. Amma ruwan da aka yi masa wankan farko, wani ne ya shiga rami ya samo.

Na kai wa Baffa Mahayin Iska kamar yadda kika ce. Ya duba fikafikan, ya ce, "Ni da ban taɓa hawa ko tsani na ji daɗi ba? Ƙasa na sani." Ya mayar mini. Kowace safiya sai ya ɗauki nasa ya duba ƙullin, ya tambaye ni, "'Yar gidan ta amsa?" Ina ce masa hanya ce da nisa. Na gaji da wannan ƙaryar.

Saboda haka ga matsayata. Biyar ɗin na gama su, na goga, na shafa fenti, sun yi kyau har Oga ya ce in ajiye ɗaya a gaban shago don talla. Suna cikin kwali a ƙarƙashin benci, kuma nan za su zauna. Ko shida su tafi tare, ko ba mai tafiya. Direba ya zo jiya ya miƙo hannu, na ba shi wannan takardar kaɗai. Oga ya ce ina wasa da aikin da ba kullum ake samu ba, in kin ba wani fa? Na ce a ba shi. Wanin zai sassaƙa miki fikafikai, amma ki tambaye shi yadda ake ƙulla igiya a ƙugu.

Ban raina ki ba, Yaya. Girmanki yana nan. Kwalin ma yana nan.

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Ina fatan jikin Baffa da sauƙi. Na yi shiru ne don da na amsa a ranar da na karanta, da mun ɓata har abada. Ka ce kunyarsu nake ji. Ban taɓa jin maganar da ta yi mini ciwo irin wannan ba, kuma laifina ne, na rubuta maka a tsaye abin da ya kamata in zauna in faɗa.

Da farko shida ne. Masu Igiya su na fara rubutawa, kafin ma in san sunan ƙasar. Muka tara mutane gwaji. Wani saurayi mai son a yi dariya ya zaɓe su. Ya ranƙwafa, ya shafa toka a fuska, ya riƙa magana da muryar wawa, yana shinshinar ƙasa kamar kare, yana tarin ƙarya. Tebur duka ya kwashe da dariya. Ni ke jan labarin. Na zauna ina kallon Baffa a bakin wanda bai taɓa ganinsa ba. Gwaji na biyu, wasu mutanen daban, kusan haka aka yi. Mutum in ya ga mai fikafikai sai ya miƙe ƙirji, in ya ga mai shiga rami sai ya nemi abin dariya. Ban koya musu ba, da shi suka zo.

Shi ya sa na ɗauke su na kai baya, inda mai jan labari kaɗai zai taɓa su, kuma na rubuta masa yadda zai yi musu magana da mutunci. Ban so Baffa ya ga littafin ba don kada ya tambaye ni dalili in faɗa masa wannan.

Ka riƙe kwalinka, na ji. Ga nawa sharaɗin. Ka zaunar da mutane, ba 'yan gida kaɗai ba, har da mai bakin tsiya, irin wanda ba ya ganin girman kowa. A yi wasa da Masu Igiya. In an tashi ba a mai da su abin dariya ba, zan mayar da su gaba ko da abokan aikina za su cinye ni. In an yi, ka turo biyar ɗin ka bar ni da hukuncina. Kwanaki sun ƙure, ka hanzarta.

Yayarka, wadda ba ta manta rijiyar ba.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Baffa da sauƙi, jiya har ƙofar layi ya taka. Maganar kunya na janye ta, na yi miki mummunar fahimta, ki yafe. Kwalin dai ban janye ba.

An yi wasan ranar hutu da la'asar, a kan babban bencin shago. Ni na ja labari. Mai bakin tsiya ba sai an je nema ba, ga mai askin da ke jikin shagonmu, wanda ake kira Rediyo don ba a taɓa jin ya mutu ba. Shi ya ɗauki Mahayin Iska. Tela ta tsallaken titi ta ɗauki Mutumin Kogi, Oga ya ɗauki mai takobi yana cewa shi fa kallo ya zo. Baffa ya ɗauki nasa.

Na kai su busasshiyar ƙasa, ruwa ya ƙare, ga tsohuwar rijiya. Gwangwanin fenti na ajiye a matsayinta. Na ce, "To Baffa, ga ranarka, shiga."

Ya naɗe hannu. Ya ce, "Wa ke sama?"

Na ce, "Baffa, a wasan kowa mutum ɗaya yake ɗauka, ya yi abinsa."

Ya ce, "Tunda nake ban taɓa shiga rami ba kowa a bakinsa ba, ba kuma a kan tebur zan fara ba. Mai haƙa rabin mutum ne. Ina ɗaya rabin?"

Wasa ya tsaya cak. Lallashi ya ƙi ci. Tela ta ce ita mutuminta ƙishirwa ta kusa kashe shi, ba ta da ƙarfin ja. Sai Rediyo ya ture Mahayinsa gefe ya ce, "Kawo zaren nan, tsoho. Ni ma na zama ɗan rami yau, in ga abin da ake ci a ciki." Don tsokana ya yi, kowa ya sani. Na ba shi guntun katako a matsayin mutuminsa, ya kama bakin zaren.

Yanzu ga gaskiyar da ba za ta yi miki daɗi ba. An yi dariya. Rediyo ya ranƙwafa, ya yi tarin ƙarya, kusan yadda kika ba ni labari. Baffa ya dube shi ya ce, "Ɗana, tarin ma ba ka iya ba. Kai dai riƙe, baki ba ya jan igiya. Da yana ja, da kai kaɗai ka yashe rijiyoyin garin nan." Tela ta yi dariya har ta buge gwangwanin. Rediyo ya ce, "In ka samo zinariya a ƙasa rabi nawa ne." Baffa ya ce, "In na samo almakashi mai kaifi zan kawo maka, ko kawunan mutane sa huta." Haka suka yi ta yi, ana ba shi yana ramawa. Wanda ya fi kowa dariya shi ne Baffa, har tarin gaske ya zo ya karɓi na ƙarya.

Can Baffa ya kai ƙasa, ya ce zai tona gefen da ya ga danshi. Aka jefa ɗan lido, ya ba da ɗaya. Na ce fitila ta fara lumshewa, iska ta ɓaci. A sama kuma na sako musu kurayen yashi, kamar yadda yake a shafinki. Oga mai takobi, wanda ya zo kallo, shi ya fara gudu. Tela ta bi shi. Na ce wa Rediyo, "Ko ka saki ka tsira, ko ka tsaya ka ja, kura na bayanka."

Baffa ya ɗan ja zaren kawai daga nasa gefen.

Yaya, Rediyo ya mutu. Shiru kamar an ɗauke wuta. Na ga ya naɗe zaren a yatsa har kan yatsan ya yi fari. Ya ce, "Ba na saki." Ya jefa, ya sami biyu. Na ce kura ta kama ka a kafaɗa. Ya miƙe tsaye ya ce, "Ta cinye kafaɗar, da ɗayan hannun zan ja. Tsoho, kana ji na? Kada ka yi mini haka!" Ya sake jefawa da ƙarfi, ɗan lidon ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin benci cikin garin katako. Kowa ya durƙusa nema, har Oga. Inna ce ta gan shi, dama ta zo kiran Baffa shan magani ta tsaya a bakin ƙofa. Ta sunkuya ta ɗauka ta ce, "Shida ne." Ta jefa shi kan tebur. Ba wanda ya gani sai ita, ba kuma wanda ya yi gardama.

Baffa ya fito da ruwa. Rediyo ya zauna yana share gumi, ya ce wannan wasan ba na masu hawan jini ba ne, yaushe za a sake?

Sharaɗinki ya faɗi, ban ɓoye ba. An yi dariya, an ma yi tarin ƙarya. In kin ce in turo biyar bisa alkawari, kina da hujja. Amma ba zan turo ba, kuma ga dalilina. Saurayin naku ya yi abin da ya yi ne shi kaɗai, ba wanda ransa ke hannunsa, ba kuma mai rama masa. Kin ba shi rabin mutum. Ki rubuta cewa Masu Igiya mutum biyu ke zaɓarsu tare, ɗaya ƙasa ɗaya sama, abin da ya sami ɗaya ya sami ɗayan. Sannan ki bar mutane su yi dariyarsu. Ɓoye su da kika yi ma ai wani ramin ne, kuma ba fitila.

Na faɗa wa Baffa komai, har labarin mai tokar. Bai ji haushi ba. Ya ce, "Mu da muka sha dariyar masu ɗiban ruwa muna fitowa da laka har gira? Su yi, in sun gama su sha." Ya kuma ce in gaya miki, kakanki ne ke riƙe wa babansa igiya har suka tsufa, bai taɓa saki ba. Ya ce yanzu ke ce a sama.

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Ina gaishe ku duka, a gaggauce, amma a zaune. Na nemo saurayin nan mai toka, na haɗa shi da wata da ba ta ɗaukar raini, na ba su zare ɗaya. Ya fara muryarsa, ta ce ya ci gaba, ita ce a sama. Ka ga yadda mutum ke gyara zama!

Na tsayar da masu buga littafi, sun yi ta ƙorafi, abokan aikina ma sun yi, sun gaji sun bari. Al'umma shida ne yanzu. Masu Igiya suna gaba, zaɓin mutum biyu. Ka sassaƙa na biyun, girmansu ɗaya da kowa, ka saki kwalin nan don girman Allah.

A shafin ƙarshe zan gode wa teburin da ya fara yin wasan haka. A nan ana cewa na ƙara gishiri a labarin. Su wa da wa ke wurin? Kada ka bar kowa.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa, da godiya. Kowa lafiya. Kwali yana hannun direba, na gargaɗe shi kada ya ɗora masa taya. Masu Igiya biyu ne a ciki, Baffa da kansa ya ƙulla su, kada mai hoto ya kwance don ba zai iya mayarwa ba. Na karanta masa wasiƙarki. Ya ce, "To, ta riƙe." Ya tashi ya sha maganinsa ba a tsaya a kansa ba.

Masu cewa an ƙara gishiri su zo su tambaya. Ga waɗanda suka gani. Akwai Oga, amma ya roƙa kada a rubuta cewa shi ya fara gudu, don haka ki rubuta. Akwai Tela. Akwai Rediyo, wanda yanzu duk wanda ya zauna aski sai ya ji labarin kurar, kuma kullum tana ƙara girma. Akwai wani bawan Allah da ya zo karɓar kujerarsa, ya zauna a kanta har aka tashi, ya tafi ya manta da ita. Akwai Baffa, akwai ni. Sai Inna, wadda ita kaɗai ta ga abin da ɗan lidon ya nuna a ƙarƙashin benci. Ki sa ta a farko. Na tambaye ta sau ɗaya ko da gaske shida ne, ta ce in je in share shagona.

Ƙaninki na shagon katako.